Tambayi Gwaggo: Dusar ƙanƙara ta riga ni shiri, ya zan yi da kajina da lambuna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Da fatan kina lafiya, ya iyali, ya sanyi? Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni jihar Minnesota a Amurka, muna zaune a gefen birnin Minneapolis. Farkon lokacin zafi na karɓi takardar izinin kiwo na sayi kaji shida, na kuma yi ɗan lambu a bayan gida: tumatir, attaruhu, tattasai, yakuwa, karas da kabeji. To Gwaggo, watan Oktoba bai ƙare ba muka wayi gari ko'ina fari fat. Ragar da na rufe farfajiyar kajin da ita ta lotsa, reshen bishiya ya karye ya faɗo kan shinge, ruwan shansu ya daskare, su kuma sun ƙi fitowa. Ɗaya daga cikinsu ma gashinta duk ya zube, wuya a waje. Na bi duk kafofin iskar akurkin na liƙe da leda, maigida kuma ya sayo ƙwan fitila mai ɗumi zai rataya musu. Amma yau da safe na tarar bangon ya jiƙe daga ciki, ga wari. Hankalina a tashe yake. Me zan yi?

'Yarki daga Minnesota

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Lafiya lau muke, Allah ya yi miki albarka. Kafin ki ci gaba da karatu, ki ajiye wayar ki je ki ɓare ledar da kika liƙe kafofin sama da ita, sannan ki dawo mu yi magana a tsanake.

Na san dalilin da ya sa kika yi haka. Duk wanda ya tashi a Katsina ko Kano, idan hunturu ya kama abin da ya sani shi ne a toshe kafa a hura gawayi a kasko. Amma babbar kaza mai lafiya ba kamar mu take ba. Zafin jikinta ya kai digiri 41 a ma'aunin Selshiyos, ya fi na ɗan Adam nesa, kuma idan sanyi ya taso sai ta kumbura gashinta ta tare iska mai ɗumi a tsakaninsa. Muddin gashin nan a bushe yake, kuma iska ba ta hura shi tana buɗewa, kaza za ta kwana lafiya a sanyin da ke da ni ba za mu iya tsayuwar minti goma a cikinsa ba. Abin da ke kayar da ita shi ne laima. Kashin kaza mafi yawansa ruwa ne, numfashinta ma tururi ne, ga su shida a ɗaki ɗaya dare guda. Da kika liƙe kafofin, tururin ya rasa mafita, shi ya sa ya kwanta a bango. Yadda ya kwanta a bango haka yake kwanciya a kan zankonsu da jan naman da ke ƙasan bakinsu, kuma idan sanyin asuba ya zo ya daskare a wurin, naman ya mutu. Warin da kika ji kuwa iskar amoniya ce da ke tashi daga kashin, tana cin ido tana lalata hanyar numfashi. Ki durƙusa daidai tsayin kaza ki shaƙa. In ya yi miki yaji a ido, to su da suke kwana a ciki sun daɗe da jigata.

Abin da ake so shi ne iska ta fita ta sama, amma kada ta ratsa ta kan kajin. Kafofin da ke kusa da rufi, sama da inda kawunansu suke idan sun hau katakon kwana, ki bar su a buɗe har hunturu ya ƙare. Waɗanda ke ƙasa, da tsagogin katako, musamman ta arewa da yamma inda iskar sanyin jiharku ke bugowa, su za ki toshe. Ki kwashe shimfiɗar da ta jiƙe yau ɗin nan, ki zuba busasshiyar dusar katako ko bambaron alkama mai kauri kamar taƙi guda. Kada ki kuma bar musu ruwa a cikin akurki da dare. Kaza ba ta sha a cikin duhu, ruwan laima kawai yake ƙarawa.

Ki duba katakon da suke kwana a kai. Idan siririyar sanda ce ko bututun ƙarfe, ki canza. Wata tsohuwa maƙwabciyata, jikar manoman da suka zo daga Norway, ita ta fara nuna mini wannan lokacin da nake kiwo a yankin naku: a sa faffaɗan katako, irin wanda masu gini a can ke kira biyu-da-huɗu, a kwantar da shi faɗin yana sama. Kaza za ta shimfiɗa yatsunta a kai ta zauna ta lulluɓe su da gashin cikinta. A kan siririyar sanda kuwa yatsun naɗewa suke yi, ƙarshensu ya leƙo waje, sanyi ya cinye su.

Sai maganar fitila. Ki gaida maigida, ki ce Gwaggo ta gode da kulawarsa, amma ta roƙe shi ya mayar da ƙwan nan kanti. Irinsa yawanci wat 250 ne, yana zafi ƙwarai, ga ƙura, ga bambaro, ga tsuntsuwar da za ta iya firgita ta tashi ta buge shi. Duk hunturu ana samun akurkin da ya ƙone ta wannan hanya, kuma gidajenku na katako ne, wuta ba ta tsayawa a akurki. Akwai wata illar kuma. Kazar da ta saba da ɗumin fitila jikinta ba ya sabawa da sanyi, ranar da aka ɗauke wuta sai ya same ta farat ɗaya. Irin wannan dusar ta farkon kaka kuwa ita ce gwanar tsinka wayoyin lantarki, don tana sauka ne da nauyin ruwa, bishiyoyi kuma ba su gama zubar da ganye ba, sai ganyen ya tare ta reshe ya karye. Abin da ya faru da reshenki ke nan. A ƙarshen Oktoban 2011 irinta ta bar gidaje sama da miliyan uku ba wuta a arewa maso gabashin Amurka, wasu a jihar Connecticut sun haura mako a duhu. Gawayi a kasko kuwa kada ma ya zo miki a rai. Hayaƙinsa marar wari yana kisa a rufaffen ɗaki.

Ba cewa nake yi kada a taɓa ɗumama akurki ba. Masana kiwo a can ma ra'ayinsu ya rabu, wasu na ba da shawarar a ƙara ɗumi da wuri. Kuma sanyin da kike gani yanzu somin-taɓi ne: a ƙarshen Janairun 2019 ma'auni ya sauka zuwa digiri 28 ƙasa da sifili na Farenhait a Minneapolis, wato kusan 33 ƙasa da sifili a Selshiyos. Don irin waɗannan darare akwai wani faifan ɗumi shafaffe da ake liƙawa a bango, ba ya cin wuta sosai, ba ya zafin da zai kama da gobara. In za ku sayi wani abu, shi za ku saya, ku ajiye sai Janairu. A Oktoba ba sa bukatarsa.

Wadda ke bukatar kulawa ta musamman ita ce mai zubar da gashin nan. Ba ciwo ba ne. Kaji na sauya gashi a kaka idan rana ta fara gajarta, sai dai ita dusar ta zo mata tana tsaka da sauyin. Gashi kusan duka furotin ne, don haka ki koma ba su abinci mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari maimakon na masu ƙwai da ke da 16, ki ƙara mata dafaffen ƙwai da 'ya'yan furen rana. Da dare ki duba ko ta shiga tsakiyar 'yan'uwanta. Idan suna korar ta, ko kin ga ta takure tana rawar ɗari, ki sa ta a kwali da bambaro ta kwana a gareji, inda ba mota a kunne. Kada ki shigo da ita falo mai hita, fitar da ita daga baya zai fi wahala. Za ki ga hotunan kaji sanye da rigar ulu a intanet. Kada ki yi mata. Sabon gashin da ke tsirowa akwai jini a cikinsa, taɓa shi ciwo yake mata, rigar kuma tana danne sauran gashin ta hana shi kumbura. Cikin wata biyu zuwa uku za ta rufe tas, in sha Allahu.

Ruwa shi ne aikin da zai fi cin ki. Kaza na iya jure sanyi, amma ba ta jure ƙishirwa, in ba ta sha ba ba za ta ci ba, in ba ta ci ba ba ta da abin ɗumama jiki. Kada ki ce ai za su tsattsagi dusar ƙanƙara, narkar da ita a ciki ɗumin jikinsu yake ci. Ni baƙaƙen robobi biyu masu laushi nake amfani da su, irin waɗanda ake lanƙwasawa ƙanƙarar ta faɗo ba su fashe ba. In na idar da sallar asuba in fita da ɗaya cike da ruwa mai ɗan ɗumi in shigo da wadda ta daskare, bayan azahar in sake musanyawa. In kina da soket na waje mai kyau, akwai mashaya mai hita a ƙasa. Kada dai ki zuba gishiri a ruwan don hana shi daskarewa, gishiri mai yawa guba ne ga kaza. Haka gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara, kada ya kusanci inda suke takawa.

Za ki ga cinsu ya ƙaru, ki bar abinci a gabansu duk yini. Gab da magariba ki watsa musu ɗan barzajjen masara, tafi ɗaya ko biyu ya ishi su shida, su kwana da abin niƙa a ciki. Kada masarar ta wuce kashi goma cikin ɗari na cimarsu. Tunda ƙasa ta rufe ba sa samun tsakuwa, ki ajiye musu ƙananan tsakuwa a gwangwani saboda ƙundunsu, da wani tsohon baho mai yashi da tokar itace a wuri busasshe don birgima, ita ke raba su da ƙwarƙwata.

Ƙin fitowar da suka yi kada ya dame ki. Kaza ba ta son taka farin abin da ba ta sani ba. Ki share musu fili da shebur ki watsa bambaro ko busasshen ganye, ki buɗe ƙofa ki bar su, da kansu za su fito. Ragar da ta lotsa ki shiga ƙarƙashi ki bubbuge ta da tsintsiya tun dusar ba ta ƙanƙare ba, sannan ku sa mata sanda a tsakiya, ko ku yi rufin kwano mai gangara ko da rabin farfajiyar ne. A nan ledarki za ta yi amfani: ki naɗe gefen arewa da na yamma na farfajiyar da ita, ki bar sama a buɗe. Shingen da reshe ya karya kuwa ku gyara kafin dare. Yanzu abinci ya yi wa namun daji wuya, ga yanyawa, ga shaho, ga wata dabba mai hannu kamar na mutum da suke kira rakun, wadda ke iya zare sakata. Da safe ki zagaya akurkin ki duba sawu a kan dusar, za ki san wanda ya zo da dare da inda ya nemi shiga. Rufin yana da wani amfanin: kaka lokacin wucewar agwagin daji ne, su ke yawo da murar tsuntsaye, kuma Minnesota, wadda ta fi kowace jiha kiwon talotalo a Amurka, ta sha wahalar cutar a 2015 da 2022. Kada ki bar abinci ko ruwa inda tsuntsayen waje za su sauka.

Idan kin ga bakin zankon wata ya yi fari ko toka-toka, daga baya ya yi baƙi, sanyi ne ya ci wurin. Kada ki murza, kada ki kanga a wuta, kada ki yanke baƙin. Ki kai ta wuri mai ɗan ɗumi, ki ɗora tsumma mai ruwan ɗumi a hankali, mataccen wurin zai bushe ya faɗi da kansa. In ya kumbura ya yi ruwa, ko yatsu ne suka yi baƙi, sai likitan dabbobi. Mutane da yawa na shafa basilin tun kafin, amma ni ban ga ya hana komai ba a akurki mai laima, a busasshe kuma ban ga bukatarsa ba.

Lambu kuma, 'yata, sai haƙuri da rabinsa. Tumatir, tattasai, attaruhu da yakuwa 'yan ƙasar zafi ne, da ma'auni ya taɓa 32 na Farenhait, wato sifili a Selshiyos, sun gama. Ki tsinke 'ya'yan yau. Tumatirin da ya yi laushi ya yi shar kamar gilashi ki zuba a takin ki. Wanda ke da tauri, ko ɗanye ne, ki jera a kwali cikin ɗaki ki sa ayaba ɗaya a tsakani, iskar da take fitarwa za ta nunar da su. Attaruhu ki wanke ki sa a firiza kai tsaye. Yakuwa ba za ta farfaɗo ba, kuma ki sani a can da wuya ta kai ga yin zoɓo, don sai rana ta gajarta take fure, lokacin kuwa sanyi ya riga ya iso. Baɗi ki girbe ganyen tun Satumba ki shanya. Karan tumatir da ganyensa ki tuge ki kawar kafin ki saki kajin a lambu, ba su da kyau a cikinsu.

Karas da kabeji kuwa ba abin da ya same su. Dusar ƙanƙara bargo ce a kan ƙasa, tana riƙe ɗumin da ke ƙasa kada ya fita. Karas ma zaƙi yake ƙarawa bayan sanyi ya taɓa shi, don yana mayar da sitacinsa sukari. Ki lulluɓe shi da bambaro ki riƙa tona na miya, amma ki kwashe duka kafin ƙasa ta daskare a Nuwamba. Tafarnuwa ma yanzu ne lokacin shukata a wurinku. Muddin shebur na shiga ƙasa ba ki makara ba, ki binne ta ki rufe da bambaro, sai Yuli ki tone. Shimfiɗar nan da kika kwaso daga akurki ki baza a inda kika tuge tumatir, kafin shukar baɗi ta ruɓe ta zama taki, amma kada ki zuba ta a kan karas ɗin da za ku ci. Ki kwance tiyo ki tsiyaye shi, ki rufe famfon waje daga cikin gida kada bututu ya fashe.

Mai yiwuwa wannan dusar ta narke cikin kwanaki. A ranar 20 ga Oktoban 2020 an yi dusar da ta kai inci 7.9 a Minneapolis, farkon Nuwamba kuma ɗumi ya dawo sosai. Amma ta ƙarshen Oktoban 1991, wadda ta tara inci 28.4, har yau tsofaffin garin ba su daina ba da labarinta ba. Duk ranar da gari ya sake, ki yi amfani da ita wajen rufin nan da shinge.

TAMBAYA

Gwaggo barka da aiki. Ina zaune a Sheffield a Ingila, kaji huɗu gare ni. Tun da aka yi dusar farko a Nuwamba ƙwai ya ɗauke, daga huɗu a rana ya koma ɗaya, wata rana ma babu. Sanyi ne ya hana su?

Ɗanki daga Ingila

AMSA

Barka kadai ɗana. Ba sanyi ba ne, haske ne. Kaza na son hasken sa'a 14 zuwa 16 kafin ta riƙa ƙwai kullum, ku kuwa a Disamba ranarku ba ta kai sa'a takwas ba. Dusar ta zo ne kawai daidai lokacin da abin ya fito fili. Za ka iya sa ƙaramin ƙwan fitila marar zafi mai agogo, ya riƙa kunnuwa kafin asuba. Kada ka ƙara hasken da yamma, don in ya mutu farat ɗaya duhu zai same su a ƙasa ba su hau katako ba. Ni dai na fi son a bar su su huta, wajen Fabrairu za su dawo da kansu. Ɗan ƙwan da kake samu ka riƙa ɗauka da wuri, in ya daskare fashewa yake yi.

Sanyinku bai kai na Minnesota ba, damuwarku taɓo ce. Dusa ta narke, farfajiya ta zama caɓi, ƙafafu su jiƙe. Ka zuba guntattakin itace masu kauri, ka yi rufi. Ka kuma tabbata ka yi musu rajista: tun 1 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta wa duk mai kiwon kaji a Ingila, ko kaza ɗaya ce, kuma ta nan ake sanar da kai idan an ba da umarnin kulle kaji saboda murar tsuntsaye. Ragowar abincin kicin da muka saba zuba wa kaji a gida ma dokarku ta hana.

TAMBAYA

Gwaggo, mu nan Jos ba mu da dusar ƙanƙara amma sanyinmu ba wasa. Kina cewa kada a hura wa kaji wuta, to 'yan tsaki fa?

'Yarki daga Jos

AMSA

'Yan tsaki daban ne, 'yata. Ba su da gashin da zai riƙe musu ɗumi, dole a ɗumama su: digiri 32 zuwa 35 na Selshiyos a makon farko, ana ragewa kamar digiri uku duk mako har gashi ya rufe su wajen mako na shida. Ki dube su kawai za ki gane. In sun cunkushe a gindin wuta sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci daidai ne. In gawayi kike amfani da shi, ki bari ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare kafin ki shigar, ki kewaye kaskon da waya, ki bar kafa a sama. Manyan kuma abin da ke kwashe su a hunturu ba sanyi ba ne, cutar Newcastle ce da ke tashi a lokacin. Ku da Vom ke kusa da ku, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa ke haɗa allurar rigakafinta, ki nemi malamin dabbobi ya yi musu tun kafin iska ta juya, sabuwar kazar da kika sayo a kasuwa kuma ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa ta da sauran.